Wankin Ƙoda da Gyaran Hanta: Tarihin Tallar Magungunan Kanti a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Jimeta, ko ya tsaya jiran mota a tashar Jambutu, da wuya ya bar wurin bai ji lasifika tana tallar wani magani da aka ce yana wanke ƙoda, yana kuma gyara hanta ba. Mai sauraro yana iya ɗauka cewa wannan alkawari gadon kaka da kakanni ne, tun da yake da Hausa ake yin sa, kuma da sunan itatuwa ake rantsuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa alkawarin yana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga kantunan Ingila da Amurka na ƙarni na 19, ya biyo hanyoyin ciniki irin na kogin Binuwai, sa'an nan ya sami gindin zama a cikin harshen Hausa ta hanyar fassara. Kwalabe sun sake, masu sayarwa sun sake, amma kalmomin tallar suna nan kusan yadda aka gaje su.

Abin da ake nufi da maganin kanti a nan shi ne haɗaɗɗen maganin da wani kamfani ko wani mutum ya sarrafa, ya ba shi suna na kansa, ya ƙunshe shi a kwalba ko kwali, ana sayar da shi ga kowa ba tare da takardar likita ba. Sunan da Turawa suka ba irinsa ya samo asali ne daga takardar izini da sarakunan Ingila kan bai wa wasu masu haɗa magani, ko da yake mafi yawansu ba su taɓa mallakar wannan takarda ba. Abin da suke karewa shi ne sunan hajarsu da sirrin haɗinta.

2.0 Gari Biyu, Harshe Biyu

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841 a matsayin cibiyar mulkin Fombina, kuma Fulfulde shi ne harshen fada da na malamai. Baƙon Bature bai cika samun sakin fuska a garin ba. A watan Yuni na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Yola, Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. A shekarun 1880 kamfanin Ingilishi wanda daga baya aka sani da Kamfanin Neja ya soma ciniki a yankin, amma a kan wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogi yake ajiye hajarsa. Sai bayan da sojan Ingila suka ci Yola da yaƙi a ranar 2 ga Satumba 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, ciniki ya sauka tudu sosai.

Jimeta, wadda ke bakin Binuwai 'yan mil kaɗan arewa da Yola, ita ce ta ci moriyar wannan sauyi. Nan jiragen ruwa kan tsaya da damina, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da kogi ya kawo. Sukan sauke gishiri da atamfa da kananzir da sabulu, su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Kamfanin John Holt da kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 ya gaji harkokin Kamfanin Neja, suna daga cikin waɗanda suka riƙe wannan ciniki. Ma'aikata da fatake da 'yan dako daga ƙabilu daban-daban suka taru a Jimeta, ga Bata da Vere da Fulani na yankin, ga Hausawa da Barebari, ga kuma Ibo da Yarbawa daga Kudu. Harshen da ya haɗa su duka a kasuwa shi ne Hausa. Saboda haka duk hajar da ke neman mai saye a Jimeta, dole ta sami sunan Hausa da kirarin Hausa, ko da kuwa mai sayarwa da mai saye babu Bahaushe a cikinsu.

Asibitocin zamani kuwa kaɗan ne a lardin. Likitan mishan ɗan ƙasar Denmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan a 1913, wata mishan ta Amurka kuma ta kafa tasharta a Garkiɗa a 1923. Ga yawancin jama'a, kanti ya fi asibiti kusa.

3.0 Hanta da Ƙoda Kafin Zuwan Kanti

Bahaushe ya san hanta, wadda wasu karuruwan yamma ke kira anta, ya kuma san ƙoda, amma a wurin mahauci ya fi sanin su. A cikin maganganun hikima hanta tana da gurbi babba: ana cewa hantar wane ta kaɗa idan ya firgita, ana kuma cewa wane da wane hanta da jini ne idan amincinsu ya yi ƙarfi. Sai dai a fagen cuta, ba a cika jingina ciwo ga waɗannan gaɓoɓi ba. Sunayen cututtuka na gargajiya sun fi dogara ga alamar da ido ke gani ko sanadin da ake zato, alal misali shawara, da basir, da sanyi, da kumburi, da tsargiya. Nazarin da Lewis Wall ya yi a wani ƙauye na yankin Malumfashi, wanda aka buga a 1988, ya nuna irin wannan tsari na rarraba cututtuka.

Shawara ita ce cutar da ta fi kusa da abin da likitan zamani zai danganta da hanta, domin ana gane ta da rawayar ido da jan fitsari. Akan yi mata magani da saiwar rawaya da sauran sassaƙe-sassaƙe. Likitan gwamnatin mallaka, J. M. Dalziel, wanda ya wallafa bayani a kan tsirran Lardin Yola a 1910, da kuma ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tattara sunayen irin waɗannan itatuwa da yawa. Har wa yau, akwai tsohuwar al'adar wankin ciki, inda mutum zai sha filasko ko wani abu mai sa zawo don ya fitar da dattin da ake ganin ya taru masa. Wannan al'ada tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya.

Malamai masu karatun Larabci su kam sun san cututtuka da sunan gaɓoɓi. Daga cikin rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, akwai wanda ya keɓe ga basir, akwai kuma wanda ya keɓe ga cututtukan ƙoda. Amma wannan ilimi ne na zaure, bai zama maganar kasuwa ba.

4.0 Asalin Alkawarin a Ƙasashen Turawa

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 masu haɗa magani a Ingila da Amurka suka gane cewa babu gaɓoɓin da suka fi hanta da ƙoda daɗin talla. Suna ɓoye a cikin jiki, mai su ba ya ganin su, don haka duk abin da ke damunsa ana iya ɗora musu laifi. A 1868 aka fito da Carter's Little Liver Pills a Amurka. A 1879 H. H. Warner na birnin Rochester ya fara sayar da ruwan maganin da ya ce na ƙoda da hanta ne. A 1894 aka soma haɗa Andrews Liver Salt a birnin Newcastle na Ingila. Akwai kuma ƙwayoyin Doan's da na De Witt's, waɗanda aka tallata don ƙoda. Tallar Doan's ta shahara da hoton mutum ya dafe ƙugu yana cije baki, watau ana koya wa mai kallo cewa ciwon baya saƙo ne daga ƙoda.

Ba a daɗe ba asiri ya fara tonuwa. A 1905 wata kotu a Edinburgh ta saurari ƙarar da masu Bile Beans suka shigar a kan wani mai kemis da suka ce yana kwaikwayon sunan hajarsu. A wurin shari'ar ne ta bayyana cewa masanin da suka ce ya gano maganin babu shi a duniya, kuma tsiron da suka ce an samo sirrinsa daga 'yan asalin Ostireliya ƙage ne. Kotu ta ƙi ba su kariya saboda kasuwancin nasu a kan yaudara aka gina shi. A 1906 Amurka ta kafa dokar abinci da magunguna. A 1909 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta buga littafin Secret Remedies, inda aka auna abin da ke cikin irin waɗannan magunguna. Ƙwayar Beecham's, alal misali, aka tarar ba kome ba ce illa alo da citta da sabulu. Ita kuwa ƙwayar Carter's, hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yi shekara 16 tana shari'a da masu ita, daga 1943 zuwa 1959, kafin a tilasta musu cire kalmar hanta daga sunan, domin maganin zawo ne kawai, babu abin da yake yi wa hanta.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da doka ke matsa wa waɗannan magunguna a gida, kasuwarsu tana buɗewa a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Jaridun Ikko sun cika da tallarsu, kamfanonin ciniki kuma suna kai su duk inda suke da kanti.

5.0 Yadda Tallar ta Shiga Hausa

Mai karatun Turanci kaɗan ne a Lardin Adamawa a wancan zamani, don haka rubutun da ke jikin kwali bai isa ya sayar da magani ba. Akawun kanti da ɗan tebur da ɗan koli su ne suka zama tafintoci. Idan aka dubi kalmomin da suka wanzu a bakin masu talla, za a ga fassarar ta bi matakai uku.

Mataki na farko shi ne faɗaɗa ma'ana. Alamomin da kowane manomi ko ɗan dako ke fama da su, kamar ciwon baya da ciwon ƙugu da gajiya, aka mayar da su ƙarƙashin sunan ciwon ƙoda. Ɗacin baki da kasala da rashin cin abinci da kumburin ciki kuma aka ba hanta. Da haka kowa ya zama mai bukatar maganin.

Mataki na biyu shi ne aron aikatau. Da yake wankin ciki sananne ne, sai aka ɗauki kalmar wanke aka ɗora ta a kan wasu gaɓoɓin. Daga nan aka sami jerin maganganu irin waɗannan:

(1) yana wanke ciki
(2) yana wanke ƙoda
(3) yana wanke hanta
(4) yana wanke mara

Ta fuskar nahawu babu bambanci tsakanin jimlolin huɗu, amma ta fuskar aikin jiki ta farko ce kaɗai ke da abin da take nuni gare shi. Hanji bututu ne, ana iya korar abin da ke cikinsa. Hanta da ƙoda kuwa su ne masu tace jini, babu wani ruwa da za a sha ya ɗauraye su kamar ƙwarya.

Mataki na uku shi ne kafa shaida. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma masu haɗa magungunan sun san da haka tun can. Garin Andrews, wanda ya zama sananne a kowane kemis a Nijeriya, haɗi ne na hodar soda da sinadari mai tsami da wani gishiri mai sa zawo da sukari. Idan aka zuba shi a ruwa yakan tafasa, idan aka sha a yi gyatsa, ciki ya saki. Ƙwayar De Witt's kuwa tana ɗauke da wani rini da ke mayar da fitsari shuɗi ko kore, wanda ya sha sai ya ɗauka cutar ce ke fita. Zawo da gyatsa da sauyin launin fitsari suka zama hujjar cewa magani ya yi aiki, kuma har gobe da su mai talla ke kafa hujja.

6.0 Doka da Kasuwa Bayan Mulkin Kai

Tun zamanin mulkin mallaka doka ta ba da lasin na musamman ga masu sayar da maganin kanti, bisa sharaɗin su sayar da shi a cikin ƙunshinsa na asali, kada su yi allura, kada su ba da maganin da sai da takardar likita. Waɗannan su ne jama'a ke kira masu kemis. A 1974 aka kafa Dokar Abinci da Magunguna, wadda ta hana a tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa. Ciwon ƙoda da tsakuwar ƙoda da shawara duk suna cikin jerin. Ke nan alkawarin da ake ji a lasifika ya fi shekara 50 da haramta a rubuce.

Jimeta ta ƙara bunƙasa bayan da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, da ta Jihar Adamawa a 1991. Mota ta maye gurbin jirgin ruwa, magani ya riƙa zuwa daga kasuwannin Anaca da Sabon Garin Kano. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, maganin asibiti ya yi tsada, jabu ya yawaita, har gwamnati ta kafa dokar yaƙi da jabun magunguna a 1988. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba wanda ke kashe ƙoda. Wannan masifa tana daga cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, a 2008 irin gubar ta sake halaka yara 84 ta cikin maganin haƙori mai suna My Pikin.

Akwai wani abin takaici da tarihi ya ajiye a nan. Ƙwayar APC, wadda aka daɗe ana sha don ciwon kai da ciwon baya, tana ɗauke da sinadarin fenasetin, wanda bincike ya tabbatar yana lalata ƙoda idan an daɗe ana shan sa, har Amurka ta hana shi a 1983. Mutumin da aka koya wa cewa ciwon bayansa daga ƙoda yake, shi ne kuma aka sayar wa abin da ke cin ƙodar.

7.0 Daga Kanti Zuwa Lasifika

Da maganin Bature ya yi tsada, sai masu haɗa na gida suka cike gurbin. Suka ɗauki kwalba da lakabi da kwali daga kanti, suka ɗauki sunayen itatuwa daga masu magani na gargajiya, suka kuma gaji kalmomin talla da aka riga aka fassara. Motar lasifika da filin rediyo da aka saya, daga baya kuma Facebook da WhatsApp, suka kai maganar inda ɗan koli bai taɓa kaiwa ba. Yadda masu Bile Beans suka jingina hajarsu ga wata al'umma mai nisa don su burge Turawa, haka mai talla a Jimeta kan ce nasa sirrin daga Saudiyya ko Indiya ko Sin ya fito.

Wata kalma da ta shiga bakin masu talla ita ce lambar NAFDAC. Hukumar takan bai wa haɗin gargajiya lamba ta wucin gadi mai ƙarewa da harafin L, wadda ke nuna an gwada shi ta fuskar guba kawai, kuma doka ta ce a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance da'awar warkarwa ba. Wannan jimla da Turanci ake rubuta ta, da ƙananan haruffa, ba ta shiga lasifika. A 2023 hukumar ta kai samame wurin haɗa maganin da aka sani da Baban Aisha a Kaduna, bayan binciken 'yan jarida da ya haɗa da gwaji a kan dabbobi ya nuna yana yi wa ƙoda da hanta lahani.

8.0 Inda Kalma ke Jawo Hasarar Rai

Abin da likitanci ya tabbatar ya saɓa wa tallar tun daga tushe. Ciwon ƙoda mai tsanani yakan daɗe yana ci ba tare da zafi ba, manyan sanadansa kuwa hawan jini ne da ciwon sukari. Sau da yawa sai ƙafa da fuska sun kumbura kafin a farga, kuma gwajin jini da na fitsari ne ke gano shi da wuri. Yawancin ciwon baya kuma daga tsoka da ƙashi yake. Haka nan ƙwayar cutar hanta nau'in B takan zauna shekaru a jiki shiru kafin ta kai ga ƙandarewar hanta ko ciwon daji. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, alhali tun 2004 rigakafinta yana cikin alluran da ake yi wa jarirai. Tsohon camfin da ke cewa ba a yi wa mai shawara allura yana ƙara nisanta majiyyaci da asibiti, mai talla kuwa ya san yadda zai yi amfani da shi.

A nan ne matsalar ta zama ta masana harshe. Lokacin da injin tace jini ya zo asibitocin Arewa, sunan da aka ba aikinsa shi ne wankin ƙoda. Wannan aiki ne da ake yi wa wanda ƙodarsa ta gaza, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma injin jini yake tacewa, ba ya taɓa ƙodar. Amma kalmar ta yi karo da ta mai lasifika. Idan likita ya ce wa dangin majiyyaci sai an yi wankin ƙoda, ya faɗi kuɗin da za a kashe, a bakin tasha kuma ga mai cewa kwalba guda tana wanke ƙoda, kunnen talaka abu ɗaya ya ji da farashi biyu. Zaɓin da zai yi a bayyane yake, kuma makonnin da zai ɓata kafin ya komo asibiti su ne sau da yawa ke raba rayuwa da mutuwa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun tallar magungunan ƙoda da hanta daga kantunan Ingila da Amurka zuwa kasuwar Jimeta. An ga cewa Hausa, a matsayinta na harshen ciniki a garin da ba na Hausawa ba, ita ce ta ɗauki tallar, ta hanyar faɗaɗa ma'anar sunayen cuta, da aron kalmar wanke daga wankin ciki, da kafa hujja da abin da ido ke gani. An kuma ga cewa doka ta kori kalmar hanta daga kwalin Carter's tun 1959, ta haramta irin wannan talla a Nijeriya tun 1974, amma ba ta kore ta daga bakin mutane ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban sassan koyar da harsunan Nijeriya da masu fassarar labarai a gidajen rediyo. Ya kamata a zauna da likitoci a daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa da Fulfulde, a raba aikin injin asibiti da alkawarin mai talla, ko da ta hanyar kiran na farkon tace jini. Ya kuma kamata a nemi hukuma ta sa a fassara gargaɗin da ke jikin kwalba zuwa harshen da aka yi tallar da shi, a kuma karanta shi a duk filin rediyon da aka sayar wa mai magani.